Kujerar Wa Aka Ba Ja'afar?

Ni fa ban iya ganin abu in yi shiru ba, har a gida Sharifa mai baki ake ce min. Aikina a wata ƙungiya a Wudil shi ne koya wa matasa neman aiki: yadda za su shiga ofis, su zauna, su amsa tambaya ba rawar murya. Kusan duk wanda na koyar ya samu. Sai oganmu, Malam Abdulbaƙi, ya ce in bi sawunsu, don mu nuna wa masu ɗaukar nauyinmu yadda muka rage rashin aiki a gari. Da wannan bayanin za a sabunta mana aiki, har da nawa.

Na fara da Ja'afar, wanda aka ɗauka koyarwa a wata makarantar kuɗi a Utai. Ka san mutanenmu, ba a samun aiki a ƙi zuwa godiya. Na bi su, shi da kawunsa, da ƙullin goronsu. Bayan an gama gaisawa, mai makarantar ya ce, "Malama, kin iya gyara yaro! Da Halliru na yi wa alkawari, ɗan unguwar nan, amma Ja'afar na buɗe baki na canja shawara."

"Halliru fa, ranka ya daɗe?"

"Yana gida."

Daga nan duk inda na je, gidan mai ko shagon magani, tambayata ɗaya: sabon gurbi ne, ko na wani ne? Ko'ina sai an ambaci wanda aka bari a gida.

Na gaya wa oga. Ya ce, "Sharifa, ba wannan aka aike ki ba. In masu ɗaukar nauyinmu sun zo, ki faɗi namu, ki zauna."

Taɓ! Ranar da baƙin suka zo na miƙe, na ce marasa aikin kawai muka sauya, yawansu bai ragu ba. In da gaske ake, a tallafa wa masu ɗaukar ma'aikata su buɗe sababbin gurabe.

Aka sabunta aiki ban da ni, kuma abin ya yi min ciwo. Da na je kwashe kayana, na tarar da wata ɗalibata, Rahinatu, a kujerata, ta zauna tsaf yadda na koya mata. Ta sunkuyar da kai. "Anti, ki yi haƙuri."

"Ɗago kanki, ba laifinki ba ne," na ce mata. "Amma ranar da suka zo ƙirga ki cikin waɗanda suka samu aiki, ki ce su ƙirga har da ni."