Sanduna Masu Jan Kai

Yayana Garzali wata biyu ya yi yana leburanci a aikin titin Tudun Wada, ya dawo mana injiniya. Tun daga nan duk wanda ya yi zancen gwamnati a gidanmu sai ya gyara masa.

Da aka ce ruwan dam ɗin Tiga zai ci garinmu, aka yanka wa kowa fili a kan tudu. Innarmu Salamatu ta ce za ta tashi, amma sau ɗaya. Burinta bai wuce ɗaki nata na kanta ba, don kada tsufa ya kai ta gidan suruki. Surukin kuwa mijina ne, Inusa, wanda ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba.

Sai Garzali ya gano wasu sanduna masu jan kai da safiyo, masu awon ƙasa, suka jera a gangaren tudun.

"Titi ne zai bi ta nan," in ji shi. "Da hannuna na kafa irinsu. Layi ake ce musu da Turanci."

Na ce, "Yaya, layin me? A asibiti ma layi muke bi. Masu gandun dajin Falgore ma sun ja nasu layin. Ka je ka tambaya mana."

"Kyauta, ke da ko Bebeji ba ki wuce ba?"

Haka ne kam. Ina ni ina ja da injiniya.

Ya bar filinmu na tudu, ya gina wa Inna ɗaki a ƙasan sandunan, wai nan ya fi shimfiɗa. Ya haɗa da rumfar shayi saboda direbobin da za su riƙa tsayawa. Har benci ya sa aka yi musu, bayin Allah. Inna ta daɓe ɗakinta da hannunta, ta jera kwanukanta, ta dasa zogale a bakin ƙofa. Na daɗe ban ga tana waƙa a bakin murhu ba sai a lokacin, shi ya sa na ja bakina na yi shiru.

Damina ta farko ruwa ya tsaya can nesa, Garzali ya ce ai ga shi nan. Ta biyu ruwan ya shigo rumfar shayi ba sallama. Su safiyon dam, ashe, inda ruwa zai tsaya suke kafa wa sanda, kuma ba su yi ƙarya ba: daidai jan fentin ya tsaya.

Inusa ne ya ari kwalekwale ya je ɗauko Inna da hantsi. Ina ciki, Garzali ma yana ciki, rungume da tukunyar shayin da ko direba ɗaya bai sha ba. Inna ta ja mayafi ta juya wa surukinta baya. Raina ya ɓaci har na kasa kallonta.

Da muka zo daidai sandunan sai ta taɓa ɗaya.

"Garzali, titin naka ba gargada, Allah ya yi albarka."

Garzali ya gyara rungumar tukunyarsa. Ta dube ni, ta rage murya don kada Inusa ya ji.

"Kyauta, ɗakin da za ku ba ni, a sa min mai nisa da nasa."