Zaren Gidan Mazoyer

Shekara talatin da biyu Malam Illo, mutumin Damagaram, ya yi yana ƙulla zare a masaƙar gidan Mazoyer da ke Villeurbanne, kusa da Lyon a Faransa. Aikin bai da wuyar faɗi. Idan zaren tsaye ya kusa ƙarewa, sai ya zauna ya ɗaura sabo a wutsiyar tsohon, sili dubu huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Ko'ina a Lyon haka ake yi, amma a gidan Mazoyer abin ya zama ibada. Élie, wanda ya kafa masaƙar, ɗan cocin Methodist ne a garin da kowa Katolika ne ko kuma ba ruwansa da Allah. Ba ya shan giya, ba ya dariya ran Lahadi. Shi ya bar wasiyya cewa kada a taɓa barin masaƙa ta farko, na'urar da ya fara saƙa da ita, tsirara: zare ya kama zare har abada. Ɗansa Samuel ya riƙe wasiyyar cikin yaƙin duniya biyu. Jikansa Josué ya gaje ta tare da ciwon ƙirji, shi ne kuma ya ɗauki Illo aiki, don ya ji an ce mutumin ba ya sha.

"Ni da kai Allah ɗaya muke tsoro, Illo," in ji Josué, "ranar hutu ce ta raba mu."

Illo ya yarda da zaren nan fiye da masu shi. Ranar da aka kira daga lopital aka ce jikin matarsa Sabuwa ya yi tsanani, yana kan sili na dubu uku. Ya ce bari ya ƙarasa, ba a barin ƙulli rabi. Da ya isa, ya tarar an rufe mata fuska.

Josué ya mutu a 2009. Bayan shekara biyu ɗiyarsa Priscille, wadda ke zaune a Paris, ta sayar da sunan gidan ga wani mai shigo da yadi a Aubervilliers. Masaƙa ta farko kuwa wani otal ya saye ta don ado. Za a kwance ta ran Litinin, a yanke zaren.

Illo ya hau jirgin ƙasa mai gudu, TGV, zuwa Paris, ya sauka wurin ɗiyarsa Latifa a Belleville.

"Baba, sabili da zare ka biya TGV?" ta ce tana zuba mishi shayi. "Franchement. Ko bikina ba ka sa wannan rigar ba."

"Ba zare ba ne kawai."

"Na sani. Inna ma ta sani."

Ya shanye shayin.

Priscille ta tarbe shi a ofis ɗinta, ta sumbace shi a kumatu kamar lokacin da take yarinya tana ɓuya cikin bandir ɗin siliki. Ya faɗi buƙatarsa a tsaye. A ba shi kwana uku ya naɗe zaren yadda yake, a ɗauki masaƙar da shi, kada almakashi ya taɓa abin da hannun Élie ya fara.

Ta nuna mishi kujera.

"Tonton Illo, zauna."

"Na gode, ƙafata lafiya lau."

"Papa ya gaya mini a gadon asibiti. An yanke zaren nan tun kafin ka zo. Shekarar da ruwa ya shiga masaƙa, zaren ya ruɓe duka. Shi da kansa ya yanke, ya ɗaura sabo, ran Lahadi, don kada ma'aikata su gani."

"Ran Lahadi," in ji Illo.

"Ya ce in roƙe ka gafara. Na kasa."

"Kin yi gadon gidanku wajen ɓoyo," ya ce, ya ɗauki hularsa.

A jirgin komawa bai dubi taga ba. Hannunsa yake kallo, babban yatsa da manuni, inda siliki ya cinye zanen fata har 'yan préfecture, masu ba da takardar zama, suka sha wahalar ɗaukar hoton yatsunsa. Ya tuna sili dubu da suka rage ranar da Sabuwa ta rasu. Awa biyar suka ci.

Ran Litinin ya riga masu kwancewa zuwa. Su biyu suka zo da akwatin kayan aiki, suka tarar da tsoho a kan benci da almakashi a cinya. Babbansu ya miƙo hannu.

"Kawo, Papy, minti ɗaya ne."

"Ba haka ake yi ba."

Ya fara daga gefen hagu, inda yake fara ƙulli, yana yanka sili ɗaya ɗaya. Suka fita shan taba, suka dawo, suka ci abincin rana. Wajen sili na dubu uku wayarsa ta yi ƙara cikin aljihu. Latifa ce. Ya ajiye almakashin a kan benci, ya ɗauka.

"Baba, ka gama?"

"A'a," ya ce. "Yi maganarki, ina ji."

Yana sauraronta, babban ma'aikacin ya ɗauki almakashin, ya datse sauran a tashi ɗaya.