Katin Dogo da Nawa Mai Jan Farce

"Ki yi haƙuri, ba za mu iya ba ki rancen nan ba," in ji ma'aikaciyar bankin. "Sunanki yana da tabo."

Na waiwaya in ga ko da wata take. Ni? Ni da ko bashin gishiri ba na kwana da shi? Na ɗora hannuwana a kan teburinta, duk sun tsattsage saboda ruwa da sabulu, na ce, "Ƙanwata, sake dubawa dai. Wanki da guga nake yi, ba cin bashi ba."

Injin wanki ne ya kai ni wurin. Akwai wani dattijo mai shagon wanki a bakin titinmu, ciwon gwiwa ya hana shi tsayuwa, yana so ya sayar da injinsa. Ya ce ni ya fi so in saya, amma in wata ya ƙare ban kawo kuɗi ba, akwai mai otal da ke jira. Shekara da shekaru ina durƙushe a gaban baho. Injin nan shi ne hutun hannuwana.

Yarinyar ta yi min bayani a nutse. Ashe bankuna suna ba kowa maki gwargwadon yadda yake biyan bashi, kuma makin suke fara dubawa kafin su dubi fuskarka. An ci bashi a asusun da muka buɗe tare da mijina, an biya na ɗan lokaci, sai aka daina. "Asusun haɗin gwiwa ne," ta ce. "Sunaye biyu ne a kansa. Bashin ɗaya na kowa ne, tabon ma haka."

Wallahi idona ya rufe. Mijina direba ne a wani kamfanin kujeru da gadaje, Dogo ake ce masa. Ko gida ban biya ba, na wuce kamfanin kai tsaye. Na same shi a bayan sito yana ɗaure katifu a mota, igiya a baki.

"'Yar Baba, lafiya?" Haka yake kirana tun muna saurayi da budurwa, don ya san ni da mahaifina ba mai shiga tsakaninmu.

"Ina fa lafiya! Bashin me ka ci a banki?"

Igiyar ta faɗi. Ya dubi abokan aikinsa, ya ja ni gefe, ya ce a hankali, "Wa ya gaya miki? Ai wannan bai shafe ki ba. Da katina na ci."

Ku ji min mutum! Ranar da muka buɗe asusun, kati biyu aka ba mu iri ɗaya. Na ɗiga wa nawa jan farce don kada su cakuɗe. Tun daga nan muka tsara abinmu: abin da ya zuba nasa ne, da katinsa yake cira, abin da na zuba nawa ne. Ba mu taɓa faɗa a kai ba. Ni ma, in gaskiya za a bi, gani nake asusun ɗaki biyu ne da bango a tsakani. Banki kuwa bai san da wani bango ba, balle jan farce.

"An hana ni rancen injin," na ce. "Saboda kai."

Ban taɓa ganin fuskar Dogo ta yi haka ba. "Na ɗauka tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," ya ce.

"To ga shi ya doke mu duka, tunda sheƙa ɗaya muke. Me ka yi da kuɗin? Mota ka saya ban gani ba? Ko gida kake ginawa a sama?"

Na san ruwa ba ya tsami banza, don haka na tsaya ƙyam, na ce ba inda zan je. Can ya ce, "Aikin idon Baba."

Bara ne yanar ido ta rufe wa mahaifina gani, likita ya ce sai an yi aiki. Na yi kuka har na gaji, ba mu da ko rabin kuɗin. Sai ga Dogo ya shigo yana murmushi, wai manajansu ya ji labari ya biya duka. Har gaban manajan na je na durƙusa ina ta godiya. Bawan Allah ya yi ta kallona yana cewa, "Ba komai, ba komai." Ashe da gaske ba komai ɗin!

"Da na ce bashi ne, da ba ki yarda ba," in ji Dogo. "Baba ma ba zai yarda ba. Ina biya lafiya lau, sai aka rage mana aiki. Na ce to, sunana ne zai ɓaci, ya ɓaci mana. Ban san zai taɓa naki ba."

Na buɗe baki in yi masifa, kuka ya riga ta fitowa. Haushinsa nake ji, kuma sonsa nake ji, duk a lokaci guda, a gaban masu loda katifa.

Washegari muka koma bankin tare. Dogo ya roƙi yarinyar ta kwashe tabon duka ta zuba a sunansa. Ta ce ba a yin haka. Amma ta tsara mana yadda za mu biya kaɗan-kaɗan, ta ce in ba mu sake tsallake wata ba makin zai farfaɗo, sai dai ba yau ba gobe ba. Ta ƙara da cewa in mun gama biya muna iya raba asusun, kowa ya kama gabansa. Dogo ya sunkuyar da kai yana jira.

"A bar shi haka," na ce. "Amma daga yau ko kuɗin faci zai cira sai na sani."

Saura dattijo mai inji. Na je na gaya masa gaskiya ba ƙari ba ragi, na ce ya sayar wa mai otal. Ya daɗe yana shafa gwiwa. "Mai otal zai ɗauke injin, ni kuma in zauna a gida ina ƙirga ƙudaje," ya ce. "Ki zo ki yi aiki da shi a nan. Ki riƙa ba ni haya, in riƙa samun abokin hira. Ranar da banki ya huce, naki ne."

Da yamma na biya wajen Baba da kayansa da na goge. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana zura zare a allura, wai maɓallin rigarsa ne ya cire. Na miƙa masa kayan, sai ya riƙe hannuna ya juya shi, ya ƙura masa ido.

"Kai, 'yar nan! Haka hannunki ya tsage? Tun yaushe?"

"Ya daɗe, Baba. Yanzu ne dai kake gani."

"Allah ya saka wa manajan nan da alheri," ya ce.

Na ce amin da ƙarfi. Sannan na ce bari in tafi, manajan yana gida yana jiran abinci.