Ranar da Jikata Ta Faɗi Sunanta

Ni da kuke gani, ba abin da ban gani ba. Ambaliya ta cinye gidana na sake ginawa, mota ta kife da ni na fito ina karkaɗe riga. Ƙofar makaranta ce kaɗai ta gagare ni.

Mu 'yan tsiraru ne a garin nan, yarenmu daban, tarbiyyarmu daban. A wurinmu yaro ba ya faɗin sunansa a gaban babba, sai wani babban ya faɗa a madadinsa. Ina yaro, ranar ɗaukar ɗalibai, mai gadi ya tsare babana a waje. Malami ya tambaye ni sunana, na sunkuyar da kai yadda aka koya mini.

"Wannan bebe ne," in ji malamin. "Na gaba!"

Na gaban shi ne maƙwabcina Mai Tabarau, mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba. Ya yi karatu, ya yi aikin ofis, yanzu yana zaune a baranda yana baje jarida don in gani. Ni kuwa kafinta ne, kujerar da yake harɗewa a kai ma ni na haɗa ta.

Da lokacin jikata ya yi, na rantse ba za a maimaita ba. Na zaunar da ita a shago. "Faɗi sunanki." Ta dubi ƙasa. Na lallashe ta, na daka tsawa, duk a banza. Ina za ta iya? Ni na yi mata tarbiyya, kuma abin da na ɗaure ba ya kwancewa.

Mai Tabarau ya leƙo. "Tsoho, ba ni aronta. A gabanka ba za ta buɗe baki ba."

"Kai da ko ƙusa..."

"Yau ba ƙusa ake bugawa ba."

Na ba shi, don yarinyar, ba don shi ba. Ina jan zarto ina jiyo dariyarsu ta bayan katanga, har na gajarce ƙafar teburin mutane.

Ranar da za a ɗauke su, ni da shi muka tsaya a bakin ƙofar makarantar. Ta taga na jiyo muryarta, ta faɗi sunanta rangaɗaɗau. Aka ɗauke ta. Ta fito da gudu, na ware hannuwa, ta wuce ni ta rungume Mai Tabarau.

"Kaka, na faɗa!" in ji ta. Shi fa take ce wa kaka.

Tun makon jiya kujerarsa take rawa. Ya aiko in zo in gyara. To, ya jira.