Saƙon Shanun Dumega

Manu na buga injin rubutun waya da sauri, zufa na ɗiga kan yatsunsa, siririyar takarda mai huda-huda tana fitowa tana nannaɗewa a ƙasa. Sabon ma'aikaci ne a gidan wayar Dogon Dutsi, yau kuma shugabansa ya tafi Tibiri. Kawunsa Jibo, wanda ya taso da ƙafa daga Dumega, ya kasa zama. Daga ƙofa sai taga.

"Bushiya ce, Manu, cutar da ta cinye garken kakanka. Shanu biyar sun kwanta. Saƙon neman likita ya tafi Doso?"

"Sai na gama tara shi a takardar nan tukuna, Kawu, sannan in sake shi gaba ɗaya."

Ya saka takardar, injin ya zuƙe ta. Jim kaɗan amsar gidan wayar Doso ta iso: ba a iya karanta komai, baƙin tabo kawai ya fito.

Manu ya gane abin da ya faru. Garin gaggawa bai danna maɓallan komawa sabon layi ba. Can Doso, injin ya kai ƙarshen layi ya tsaya yana dukan wuri guda, harafi bisa harafi.

"Mi ya faru?"

"Ni na yi kuskure."

"Lakwal ɗin da muka sa ka karatun boko ke nan?"

Hadari na haɗuwa ta gabas, kuma iska kaɗan ke tsinka wayar. Manu ya sake farawa, yana danna maɓallan a ƙarshen kowane layi, yana tilasta wa kansa bin a hankali. Ya aika.

Shiru. Jibo ya fita, ya dawo, ya sake fita. Can injin ya zabura da kansa. Manu ya yage takardar, ya karanta, ya tsaya.

"Likitan dabbobi na tafe gobe da allura."

"Alhamdu lillahi!"

"Ba su ƙare ba, Kawu. Sun ce kada a motsa garken. Waɗanda suka kamu, harbe su za a yi a binne."

Jibo ya daɗe yana kallon injin.

"Uku cikinsu na uwarka ne," ya ce, ya saɓa sandarsa. "Ni ba zan iya gaya mata ba."

Manu ya rufe injin da ƙyalle, ya kulle ƙofa, ya bi bayansa cikin yayyafi.