Ludayi Mai Igiya

"Ɗaga, Tani! Ga ramin nan ya zo, ɗaga!"

Cikin wannan ihun na yi sallama gidan Malam Balarabe da ƙwaryar kunu a hannuna, na kuwa ja na tsaya a bakin rumfa. Dattijon da likitocin Kano suka sallamo saboda ciwon hanta, suka ce a koma gida a yi ta addu'a, shi ne durƙushe gaban talabijin yana ɗaga murya kamar mai kallon ƙwallo. A jikin talabijin ɗin wani ɗan mutum ne da bai fi yatsa tsawo ba, yana tafiya a kan wata hanya mai ramuka. Matarsa, Yaya Tani, tana zaune a kujerar roba, an ɗaure mata ludayi a hannun dama da ƙyalle. Hannun ko motsi bai yi ba. Ɗan mutumin ya afka rami, aka yi wani ɗan kiɗa, sai ga shi ya dawo farkon hanya lafiya lau.

"Maman Imran, shigo mana," in ji Malam Balarabe. "Kin same mu muna aiki."

Na ce a raina, in wannan ne aiki, to ni ban taɓa yin aiki ba tunda uwata ta haife ni.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a nan Tudun Wada, tun ina amarya har ga shi na aurar da 'ya'ya. Malam Balarabe mai gyaran rediyo da talabijin ne a bakin tasha, ita kuma Yaya Tani ɗinki take yi, kusan duk matan unguwarmu sun sa kayan da ta ɗinka. Bara da kaka hawan jini ya kayar da ita a gindin murhu. Ta tashi ɓarin damanta ya shanye, maganarta ma ta koma ɗaya-ɗaya.

Daga nan aka shiga wani hali. Yaya Tani ta ce ita ba za ta ci abinci da hagu ba. Malam Ɗayyabu limamin unguwa ya zo da kansa ya tsaya a zaure ya yi mata bayani cewa larura ce, babu laifi a kanta ko kaɗan. Ta ce, "Na ji, Malam." Aka kawo tuwo, ta kawar da kai. 'Yarsu Muhsina ta taso daga Kiru ta kai mata loma baki, ta datse haƙora. Ni ma na gwada, kallon da ta yi mini ya sa na ajiye cokalin ba shiri. Mace ce da ba ta taɓa roƙon ko gishiri a maƙota ba. Hannu ɗaya kawai take buɗe wa baki a duniyar nan, hannun mijinta, kuma kowa a layinmu ya san mai hannun ya kusa tafiya.

Shi ya sa abin ya ba ni haushi. Ranar da aka sallame shi daga asibiti, maimakon ya wuce tasha, wai sai ya sa aka biya da shi kasuwar Sabon Gari ya sayo wannan 'yar na'urar gem. Ba ta fi sabulun wanki girma ba, irin wasannin yara na da ne aka tara a cikinta. Mijina Mudi ya ce ciwon ne ya fara taɓa masa kai. Ni ban musa ba.

Washegarin ranar da na kai kunun nan, da hantsi na koma karɓar ƙwaryata, na tarar Yaya Tani tana barci a ɗaki, shi kuma yana rumfa ya farke cikin na'urar, ƙaurin dalma ya cika gidan. Idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura har rigar ta ɗame shi, amma hannunsa a kan 'yan wayoyin nan ko rawa ba ya yi. Bakina dama ba ya riƙe magana.

"Malam, don Allah in tambaye ka. Da wannan wasan yaran, ba gara ka lallashe ta ta saba da hannun Muhsina ba?"

"Na lallasa har na gaji," ya ce, bai ɗago ba. "Kin san ta, na san ta."

"To ai sai a koya mata riƙe ludayin gaske."

"An yi. Likita ya ce hannun bai mutu duka ba, motsa shi ake so. Na ba ta kunu ta ɗaga, ya kife mata a zani a gabana. Yini ta yi ba ta dube ni ba, ba ta kuma sake yarda ba." Ya hura hayaƙin dalmar gefe, sannan ya nuna talabijin da haɓa. "In kunu ya zube, ita ce ta kasa. In wancan ɗan banzan ya faɗa rami, shi ne ya faɗa, ba ruwanta. Kuma ba ya fushi, yanzu zai dawo a sake."

Na ajiye ƙwaryar na zauna a kan turmi. Ya shiga nuna mini abin da ya yi, yana magana yana hutawa. Ya ce wasannin wayar zamani yatsu goma suke nema, shi kuwa wannan na da tafiya ce da tsalle kawai. Ya yi ta bincike a waya har ya gano yadda ake shiga cikin na'urar, ya rage wa wasan gudu yadda ɗan mutumin zai riƙa tafiya kamar tsoho. Ya ja mata waya zuwa batirin sola don kada ɗauke wuta ya katse su. Abin dannawar da ta zo da shi kuwa ya wargaza shi. Makunnin tafiya ya maƙala shi ƙarƙashin matakin tsohon kekenta na ɗinki, tana takawa da ƙafar hagu mai lafiya, ɗan mutumin ya kama hanya. Makunnin tsalle kuma ya ɗaura masa igiya, igiyar ta tafi ga mariƙin ludayi. Sai ludayin ya tashi sama igiyar ta miƙe, sannan a yi tsalle.

Kusa da kujerarta ya kafa wani katako mai huji-huji a jere daga ƙasa zuwa sama, an soka ƙusa a na ƙasa an naɗe ragowar igiyar a jikinta.

"Yanzu ɗan motsi kaɗan ya isa," ya ce. "In ta saba, sai in matsar da ƙusar sama, igiyar ta ƙara tsawo, dole ta ƙara ɗagawa."

Na bi hujin da ido har na ƙarshe. Na dubi kujerar da babu kowa a kai, na auna inda kan mai zama yake kaiwa. Hujin ƙarshen daidai bakinta yake. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

"Ta sani?" na tambaya a hankali.

"Tani ce fa. Ta sani sarai. Ni ban faɗa ba, ita ba ta tambaya ba."

Haka damina ta yi ta tafiya. Masara ta yi goyo, ruwa yana dukan kwanon rumfar, ni kuma ina jiyo ɗan kiɗan nan ta katanga ina tankaɗe. Har na gane kiɗan faɗawa rami da na tsallakewa. Da farko na faɗawa ne kawai. Ranar da na fara jin ɗayan, na saki rariya na leƙa ta katanga ba ko mayafi. Ludayin ya tashi daga cinyarta kamar faɗin yatsa biyu, hannun yana karkarwa, Malam Balarabe yana tafi yana tari. Yaya Tani ta dubi talabijin da gefen bakinta mai motsi ta ce, "Ɗan nema." Rabon da in ji ta yi wa wani tsiya tun kafin ta faɗi.

Ƙusa ta yi ta hawa, shi kuma yana ta ƙarewa. Ƙyallen da ake ɗaure mata ludayi da shi aka daina amfani da shi, yatsun sun fara kamawa da kansu. Wata rana na same shi idonsa a rufe, ludayin kunu a hannu ɗaya, ludayin wasan a ɗayan, yana auna su. Ya ɗauko notin tsohuwar fanka ya ɗaure a gindin na wasan da waya, ya sake aunawa, ya ƙara wani. Ni dai na daina yi masa kallon mai taɓin kai tuntuni.

Da aka fara yankan shinkafa, ya kasa fitowa rumfa. Muhsina ta dawo gidan gaba ɗaya. Lokacin cin abinci sai mu ɗauki kujerar Yaya Tani mu kai bakin gadonsa, a tallafe shi da filo, ya riƙa ba ta kunu da hannun da ya koma ƙashi da fata. Rabin kunun a zaninta yake ƙarewa, amma tana sha. Shi kansa ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Na ga mutuwa iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin wanda yake kan gargara yana ciyar da wani ba, kuma har yau in na tuna sai in ji na yi ƙanƙanta.

Ana jibi zai rasu ya sa Mudi ya kama shi zuwa rumfa. Ya zare ƙusar da kansa, ya lalubi hujin ƙarshe ya soka ta. Yaya Tani ta gwada a gabansa har ta yi gumi, ludayin yana zuwa ƙirjinta ya tsaya. Ɗan mutumin ya yi ta afkawa wani faffaɗan rami.

"Bar shi haka," ya ce mata. "Saura ramin nan ɗaya ne, ba gudu zai yi ba."

Ya cika da hantsi, ruwa ya ɗauke kenan, Malam Ɗayyabu yana gefensa yana maimaita masa kalmar shahada. Kafin azahar an kai shi. Yaya Tani ba ta yi kuka ba, ta zauna a kujerarta cikin hijabi, mata suna shigowa suna yi mata gaisuwa tana gyaɗa kai. Ranar ba ta ci komai ba. Washegari ma haka. Muhsina ta durƙusa gabanta da kofin kunu tana hawaye.

"Inna, don girman Allah. Ko kurɓi ɗaya. Kada ki bar ni ni kaɗai."

Ta kawar da kai. Leɓenta ya bushe ya tsage. Ni dai na riga na fara lissafin gawa ta biyu a zuciyata, Allah Ya yafe mini.

Da la'asar mata sun cika rumfa, ana ta jan carbi, sai na ji ta kira sunana.

"Baturiya." Ta nuna talabijin da aka lulluɓe da zani. "Kunna."

Furera, ƙanwar mamacin, ta zabura. "A gidan makoki? Yaya Tani, me mutane za su ce?"

Ni kuwa ko kallonta ban yi ba. Na yaye zanin, na haɗa wayar batir yadda na sha ganin yana yi, na rage murya. Na tura mata matakin keken ƙarƙashin ƙafa, na sa mata ludayin a hannu.

Ta taka. Ɗan mutumin ya kama hanya da tafiyarsa ta tsofaffi har bakin faffaɗan ramin. Ludayin ya taso, ya zo ƙirji, ya tsaya yana rawa. Ɗan mutumin ya faɗa. Wata daga baya ta ce, "Wayyo." Ya dawo farkon hanya, ta sake takawa, ya sake faɗawa. Furera da ke faɗa ɗazu na ga ta matso da tabarmarta. Ban san sau nawa aka yi ba, na dai san gumi ya jiƙa wuyan hijabin, kuma babu wadda ta ƙara jan carbi.

Sai a wani zuwan ludayin ya wuce ƙirji, ya wuce wuya, jijiyoyin hannun duk sun fito. Ya taɓa haɓarta, igiyar ta miƙe, na ji makunnin ya yi ƙas. Ɗan mutumin ya tashi sama ya dira a ɗaya gefen.

"Allahu Akbar," in ji Furera, hannunta a baki.

Yaya Tani ta sauke numfashi, ta ɗage ƙafarta daga matakin. Ta miƙo mini ludayin.

"Kwance."

Na kwance igiyar, na warware wayar da ta riƙe notunan, suka zubo a tafina. Sai a lokacin na ji nauyinsu, sun fi cikin ludayi na kunu nesa ba kusa ba. Ashe da gangan ya zarce. Na ɗauraye ludayin, Muhsina ta zuba kunu a ƙwarya ta ɗora mata a cinya.

Ta yi bismilla a hankali, ta ɗiba da dama. Ludayin ya tashi da sauri fiye da yadda ta zata, har kaɗan ya zuba a hijabin. Ta dubi wurin, muka riƙe numfashi. Sai ta kai shi baki ta kurɓa. A nan ne hawayen suka zo mata, suna gangarowa tana haɗiya, ba ta tsaya share su ba, ta sake mayar da ludayin cikin ƙwarya.

Babu wadda ta tuna ta kashe talabijin. Ɗan mutumin yana nan tsaye a ƙetaren ramin, igiyar tana lilo a jikin ƙusar ƙarshe, ana jin ludayi yana karo da gindin ƙwarya.