Sunan Fusae a Labule

Wani dare a ƙarshen sanyi wata ƙara ta tashe ni daga ƙarƙashin ɗakina. Dum, sai ƙiii. Dum, sai ƙiii. Kamar wani ƙaton kwaɗo yana tsalle a kan katako. Na kwanta ina saurare, don na san ƙarar nan. Rabona da ita shekara goma sha ɗaya, tun ranar da matata Fusae ta jingine doguwar gorarta ta murza taliya a bango ta tafi asibiti, ba ta kuwa dawo ba.

Na sauko ina dafa bango. Ashe ba fatalwa ba ce. 'Yata Chizuru ce a tsohon shagon uwarta, ta ɗora cinya ɗaya a kan gorar, tana dogara ɗayar ƙafar tana tsalle, gorar tana danne curin fulawa. Kowa a garinmu Sano ya san haka ake murza taliyar ramen, wadda ake ci cikin romo, amma ban taɓa zaton zan ga 'yata a kan gora ba, ita da ta shekara ashirin tana aikin ofis a Tokyo.

"Baba, koma ka kwanta," ta ce, tana haki. "Taliyar ba ta dame ni ba. Romon ne."

Fusae ba ta taɓa rubuta yadda take dafa romonta ba. Ta san kajin da take saye, ta san busasshen kifinta, sauran kuwa yana hannunta, ta tafi da shi. Wata huɗu Chizuru ta yi tana dafawa tana zubarwa. Ko sau ɗaya ba ta ba ni na ɗanɗana ba. Ta ce ba ta son harshena ya saba da kuskurenta.

Ana saura kwana uku a buɗe shago ta shimfiɗa mini labule biyu a kan tabarma, irin gajeren da ake ratayawa a ƙofa. Duka shuɗaye ne. Ɗaya babu komai a jikinsa. Ɗaya an rubuta Fusae da farin fenti.

"Ranar buɗewa maras sunan zan rataya," ta ce. "Kai za ka fara zama. In ka sha ka ce romon Mama ne, in sauke shi in rataya wannan a gaban kowa. In ba shi ba ne, sunanta ya zauna a akwati. Ba zan yi ciniki da sunanta a kan ƙarya ba."

"Ki tambayi wani mana. Ga maƙwabcinmu Shigeharu nan."

"Kawu Shigeharu? Wanda yake zuba barkono har a kankana? Baba, shekara talatin da huɗu kana shan romon nan kullum. In ba kai ba, babu sauran wanda ya sani."

Abin da ba ta sani ba, kuma babu wanda ya sani, shi ne bakina ya mutu. Wani zazzaɓi ya kwantar da ni kafin ta dawo gida, da ya tashi tafiya sai ya tafi da ɗanɗano da jin ƙamshi gaba ɗaya. Shinkafa, kifi, shayi, duk ɗaya suke, sai dai wani da ɗumi wani da sanyi. Na lashi sabulu. Na lashi makullin keke. Na ma lashi ɗaya daga duwatsun da nake tsintowa a bakin kogi, masu kama da fuskar mutum, wanda ya fi kama da marigayi shugabanmu na kamfanin siminti. Ban ji komai ba. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma a tunanina ɗanɗano kamar kyanwa yake, yana iya fita yawo ya dawo da kansa in ba a dame shi da cigiya ba. Shi ya sa na yi shiru. Da Chizuru ta ajiye aikinta ta dawo saboda romon nan, shirun ya ƙara nauyi, na rasa ta inda zan ɗaga shi.

Ranar buɗewa na sa rigata mai kyau. Na fita ta ƙofar baya na zagayo ta gaba kamar baƙo, don haka ta ce in yi. An jera furannin taya murna a kan dogayen ƙafafu a bakin ƙofa, mutane kusan goma sha biyar suna layi. Maƙwabcina Shigeharu mai aski yana jirana a gaba, ya shafe kansa da mai.

"Ga alƙali ya iso!" ya ce da ƙarfi. "Ku ba shi hanya. Toku, me ya sami fuskarka? Kamar kai za a dafa."

"Ban yi barci ba."

"Wa ya yi barci a layin nan? Wata huɗu 'yarka tana dakan ƙasa. Har almakashina sun koyi rawa."

Muka sunkuya muka shiga ta ƙarƙashin labulen maras suna. Kujeru takwas ne a jere a gaban dogon teburi, Chizuru tana ɗaya gefen da farin ƙyalle ɗaure a ka. Tukunya tana tafasa a hankali, tururi ya cika wurin. Na ga mutane suna ɗaga hanci suna lumshe ido. Ni ma na ɗaga nawa. A kan wani ɗan katako, kusa da hoton Fusae, ga ɗaya labulen a ninke.

"Sannunku da zuwa," in ji Chizuru.

Ta ajiye kwano biyu a gabanta, nawa da na Shigeharu, ta jefa taliya cikin ruwan zafi. Ta miƙa hannu ke nan wajen ƙaramin ludayi, sai iska ta kayar da ɗaya daga furannin ƙofa, ya faɗo da ƙara, wata mata ta yi ihu. Chizuru ta ruga ta duba. Babu wanda ya ji ciwo. Ta dawo da gudu saboda kada taliyar ta wuce lokacinta, ta kamfato romo da babban ludayi ta cika kwanukan, ta tsame taliya, ta ɗora yankan nama da albasa, ta miƙo mana da hannu biyu.

Shigeharu ya ture nasa gefe. "Ni sai ya huce. Harshena ba ya shiri da zafi. Bismillar taka ce, alƙali."

Mutum shida da suka zauna tare da mu duk sun juyo, na layi suna leƙowa ta ƙasan labule. Chizuru ta sa hannuwa a baya kamar ɗaliba.

Romon garau yake, kana hango gindin kwano, ƙananan idanun mai suna yawo a sama. Na tsaya ina kallon su. Biyu suka haɗu suka zama ɗaya, na ce a raina ko alama ce. Na ɗauki cokali. Na roƙi bakina a ɓoye, na ce yau ɗaya dai, kurɓi ɗaya kawai, bayan nan ka koma inda ka fito.

Na kurɓa. Ruwan ɗumi.

Na sake kurɓa. Na zuƙi taliya da ƙara yadda ya kamata. Ita kam na ji ta a haƙori, wani wuri kauri wani wuri siriri, tana da santsi, irin ta gora sosai. Na yi niyyar in ce, taliyar ta uwarki ce, romon kuwa ba ni da bakin faɗa. Maganar ta zo har maƙogwaro. Sai na ɗaga ido na ga hannun Chizuru da ta fito da shi tana gyara ƙyallen kanta, duk tabon ƙuna, farcen babban yatsa ya tsage.

Na ajiye tsinken cin abinci, na ɗauki kwanon da hannu biyu na kafa kai. Ban sauke ba sai da na ga gindinsa. Na dire shi a teburi.

"Shi ne," na ce. "Romon uwarki ne. Ko gishirin bai kauce ba."

Chizuru ta rufe baki da hannu. Wani ya fara tafi, saura suka kama. Ta juya ta sunkuya wa hoton, ta ɗauko labulen ta warware shi, farin sunan ya bayyana. Ta zagayo ta bayan kujerunmu za ta ƙofa. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga wuya, an kuma ɗora wani a ƙirji.

A lokacin ne Shigeharu ya jawo kwanonsa, ya hura, ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya tauna bakinsa.

"Ke 'yar nan," ya ce, yana dariya, "likita ne ya aiko ki? Ina gishirin?"

Chizuru ta tsaya cak, labulen a hannunta. "Kawu, ban da wasa yau."

"Wane wasa? Zo ki ji. Ruwan wankan kaza ne wannan."

Ta dawo a hankali. Ta ɗauki cokali mai tsabta ta ɗebo daga kwanonsa ta kai baki. Sannan ta waiga wajen aikinta. Tsimin gishirin da ake fara zubawa a gindin kowane kwano kafin romo ya hau kai, wanda shi ne duk ɗanɗanon, yana nan cikin tulunsa da murfi a rufe. Ƙaramin ludayin yana kwance a kan ƙyalle, a bushe.

"Na manta," ta ce a hankali. "Duka biyun na manta."

Wani saurayi a ƙarshen teburi ya yi 'yar dariya, ya ce ranar farko ce, kowa yana yi. Ba ta ji shi ba. Kwanona take kallo, wanda na shanye tas har yana ƙyalli. Daga nan ta dube ni. Ba fushi na gani a fuskarta ba, da fushi ne da na fi jin sauƙi. Ta fara ninke labulen a ƙirjinta, gida biyu, gida huɗu, har sunan ya shige ciki.

Tukunya tana ta tafasa. A waje wata mata tana tambaya ko an fara shiga.

Shigeharu ya dubi kwanona, ya dubi nasa, dariyar ta bar fuskarsa. Ya sauke murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba a shekara hamsin da muke maƙwabtaka.

"Toku," ya ce, "to kai me ka ji a ciki?"